Katun ɗin ɓeraye masu magana: abin da iyaye suka ce

Jiya mun zauna da matan unguwa kan katun ɗin nan na iyalin ɓeraye da yaranmu suka nace wa, uba da tabarau, uwa tana girki, ƴaƴa suna tafiya makaranta. Yawanci sun ce a bar su su kalla, suna tsintar turanci, amma a zauna da su kuma banda bayan magariba.

Maganar da tafi kama ni ita ce ta wata nas, tace ɗanta ya ga ɓera a kicin ya bi shi da gutsuren biredi wai abokinsa ne! Alhali ɓera ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa a abinci, tun 1969 aka gano cutar a garin Lassa na Borno. Don Allah a nuna musu na talabijin daban, a riƙa rufe kwanuka.