Wai jan maganin awo ne ke sa jariri ƙiba?

Amarya: Salam 'yan uwa don Allah a taimaka min. Cikina sati tara, an ba ni jan magani da ɗan ƙaramin rawayan nan a wajen awo, sai Hajiyar maigidana tace in ajiye wai shi ke sa yaro ya yi ƙato ƙarshe sai an yi wa mutum aiki. Ni kuma dama tashin zuciya yake sa ni, bayan gidana ma ya koma baƙi wlh na tsorata

Maman Biyu: Gaskiyar Hajiya ce. Ni cikin fari ko ƙwaya ɗaya ban sha ba na haihu lafiya lau a ɗakina, na biyu na dage kamar ibada, yaro ya zo kilo huɗu da ɗoriya sai tiyata

Anti Nas: Maman Biyu an gwada miki suga a wancan cikin?

Maman Biyu: Eh an ce ya ɗan hau wajen wata bakwai, amma ai kaɗan ne

Anti Nas: To ga ɓarawonki nan kin bar shi kina dukan magani. Sugan ciki shi ke cika jariri. Jan nan fersolate ne, sinadarin ƙarfe ne na ƙarin jini, kuma baƙin bayan gida aikinsa ne ba wata matsala ba ce Amarya ki kwantar da hankalinki. Rawayan kuma folic acid ne, wani bitamin, shi ne ma nafi jin takaici in an ajiye, don hanyar lakar jariri da ƙwaƙwalwa tana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin wata ma bata san ta yi ɓatan wata ba. In bata rufe daidai ba shi ne ake haifo yaro da ƙullutu a gadon baya, wani ƙafafun basa motsi. Shi yasa ake so mace ta fara tun kafin ciki, maikirogiram 400 kullum, ta ci gaba aƙalla har sati 12. Masu sikila da masu suga da masu shan maganin farfaɗiya likita kan ba su mai ƙarfi, miligiram 5. Mu kuwa sai kunya, a yi ta ɓoye ciki sai wata biyar a zo awo

Uwar Gida: Ni dai iyayenmu da zogale da rama da wake suka haifi goma goma, wa ya basu ƙwaya?

Anti Nas: Yaya ki ƙirga har da waɗanda jini ya tafi da su wajen haihuwa mana. Ganye da wake suna da kyau sosai a ci, amma miyar da ta kwana a wuta ana ɗumame folate ɗin, wato folic acid na cikin abinci, ya gudu da yawa, ga mai laulayi da ko ƙamshin miya bata so

Uwar Gida: Sai ta ci hanta, ai ita ce ƙarin jini

Anti Nas: A farkon ciki kam kar a dage da hanta, bitamin A ya mata yawa yana iya taɓa halittar jariri. Nama, kifi, ƙwai dafaffe sun wadatar

Maman Biyu: Ƙwai ma? wanda ake cewa yaro zai yi sata 😂 ni fa har yanzu ban yarda ba, ƙanwata ma da ta sha an mata aiki

Amarya: Anti to aman fa? da shayi nake haɗiya da safe ko minti goma baya yi yake dawowa

Anti Nas: Shayin ma yana hana jiki ɗaukar ƙarfen, ki ba su tazarar awa biyu. Ki maida shi dare bayan kin ci abinci, ki bi da lemon zaƙi in akwai. In duk da haka yana dawowa ki koma ki faɗa musu a canza miki, amma rawayan kar ki tsallake ko kwana ɗaya

Amarya: Toh na gode. Hajiya fa me zan ce mata, ita ta karɓe ledar

Uwar Gida: Ke kar ki ce komai, tura ɗanta ya karɓo