Ina da cikin wata biyar, ƙawata ta gayyace ni Alƙahira: in je?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah. Akwai wata Anti da muka yi shekara shida muna koyarwa tare a Kano kafin aiki ya kai maigidanta Masar, suna zaune a unguwar Madinatu Nasr. Ta daɗe tana cewa in zo. Yanzu ina da ciki, sati 19, bayan ɓari biyu da na yi a jere. Ta ce in taho a watan Janairu in ga likitar da ta karɓi haihuwarta, in kuma ga Azhar da dalar Giza, ni da nake koyar da tarihi ban taɓa ganinsu ba sai a littafi. Maigida ya amince, amma Hajiyarsa hankalinta bai kwanta ba. Shin in je in dawo, ko in zauna har in haihu a can?

Wata ungozoma: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Tsakanin sati 14 zuwa 28 ne tafiya ta fi sauƙi ga mai ciki, laulayi ya lafa, nauyi bai yi yawa ba. Amma tunda kin yi ɓari biyu, kada ki sayi tikiti sai likitan da kike awo a wurinsa ya duba bakin mahaifa da hawan jini, ya ce ki tafi. Ki karɓi takarda a hannunsa mai ɗauke da ranar da ake sa ran haihuwa, domin yawancin kamfanonin jirgi suna nemanta daga sati 28, daga sati 36 kuma ba sa ɗauka. Ki riƙe katin awonki da duk hotunan ciki a jakar hannu. A jirgi ki nemi kujerar bakin hanya, ki riƙa miƙewa kina takawa, ki sha ruwa sosai saboda daskarewar jini a ƙafa. Sai kuma katin rigakafin cutar shawara da Masar ke nema ga wanda ya fito daga Najeriya. In kin taɓa yin allurar, katin na har abada ne. In ba ki taɓa yi ba, ki gaya wa likita, don ba kasafai ake yi wa mai ciki ba.

Wadda ta haihu a can: 'Yar'uwa, ni a Alƙahira na haifi ɗana na biyu. Likitoci sun iya aiki, ba ni da ƙorafi a nan. Amma ki sani tiyata ta yi yawa a ƙasar, binciken lafiyar iyali na 2021 ya nuna kashi 72 cikin 100 na haihuwa ta tiyata ake yi. In kina son haihuwa da kanki, ki faɗa tun ranar farko. Kuma haihuwa a can ba ta ba jariri zama ɗan ƙasa. Sai mun karɓi takardar haihuwa, mun je ofishin jakadancin Najeriya an yi masa takardar tafiya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jego. Ba Inna kusa, ba mai dama mini kunun kanwa, ranar suna mu biyar ne a falo, na shiga ɗaki na yi kuka. Ki je ki yi awo, ki dawo gida ki haihu.

Tsohuwar ɗalibar Azhar: Malama, Janairu lokaci ne mai kyau, akwai sanyi, ki tafi da rigar sanyi mai kauri. Dala ki kalle ta daga waje. Hanyar shiga babbar dalar ƙunci gare ta, a sunkuye ake hawa, ga zafi ba iska. Raƙumi da doki ma ki bar su duk yadda masu su suka matsa. Masallacin Azhar da aka kammala a 972 shimfiɗe yake, za ki zauna a farfajiyar marmara ki huta, masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili suna tsallaken titi. Ki tambayi Riwaƙul Barnawiyya, masaukin da ɗaliban Borno suka riƙa sauka a da. Ki ware rana guda don Fustat, tsohon ɓangaren Alƙahira: masallacin Amru bin Asi, da gidan tarihin da aka mayar da gawawwakin fir'aunoni da sarauniyoyi 22 a 2021. Wuri ɗaya a rana ya ishe ki. Ruwan gora kawai za ki sha.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya maganar jego, ta ce daman abin da take gudu ke nan. Ranar Litinin zan ga likita. In ya yarda, sati biyu zan yi in dawo, haihuwa a gida in sha Allahu. Ku sa ni a addu'a.