Takalmin roba na yara: na awo ko wanda aka riga aka haɗa?

Maman Sadik, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sadik shekararsa 4, shawara ta kama shi yana jariri har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yana takawa idan ya dafa bango, amma a kan yatsu, diddige ba ya sauka ƙasa. Kine ɗin da ke motsa masa gaɓoɓi ya ce a yi masa takalmin roba mai riƙe idon sawu, ƙafa biyu. Babansa kuma ya ce wani ɗan kasuwa zai taho masa da haɗaɗɗe daga Kano a rabin kuɗi. Kuɗin ba zai kai mu sayi iri biyun ba. Wanne zan yi?

Goggo Ladi:
Allah ya ba shi lafiya. Ki riƙa shafa masa man kaɗanya da ɗumi safe da yamma.

Abban Ummi, Marwa:
Ku je Muda kusa da Marwa, wajen Fondation Bethléem, cibiyar da ke kula da masu naƙasa, suna yi. Ni jaka 35 na sefa na biya a wani wuri dabam.

Maman Ikram:
Jaka 35? Mu 80 muka ba da, ban da kuɗin jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde. Aka naɗe wa Ikram ƙafa da filasta, aka ɗauki siffa, aka ce mu dawo. Kafin mu haɗa kuɗin komawa wata huɗu sun wuce, yarinya ta ƙara girma. Haka muka cusa mata shi a zafin Afrilu, ba wanda ya ce mana a sa doguwar safa. Tana kuka, ina cewa rigima ce. Ranar da na duba da kyau ƙashin idon sawu ya yi gyambo. Na kira mai aikin ya ce laifina ne. Takalmin yana nan ƙarƙashin gado, mai so ya zo ya ɗauka.

Malam Bello, kine:
Hajiya, don Allah kada ki ba kowa, ƙafarta aka auna. Maman Sadik, na awo za ki yi. Takalmin ba ya warkar da ƙwaƙwalwa, riƙe ƙafa yake yi a daidai don diddige ya sauka, kuma jijiyar agara kada ta ƙara ɗaurewa. A fara da awa ɗaya, ana ƙarawa. Idan kin cire, jan da bai ɓace cikin minti 20 zuwa 30 ba, a mayar a gyara. Ki sa a ranki cewa a shekara ko ƙasa da haka zai yi masa kaɗan.

Maman Ikram:
Ku ne masu bayani a waya. A asibiti minti biyar ba ku ba mutum.

Abban Ummi:
Haba Hajiya, shi fa karatun ya yi.

Maman Ikram:
Ni kuma goyon na yi, Alhaji.

Ɗan Kusiri:
Nawa ɗan da ya ga takalmin cewa ya yi ya zama Eto'o, saura ƙwallo. Ku sayi kambas mai girman lamba ɗaya ko biyu, silifa ba ta riƙe shi.

Goggo Ladi:
Kambas ɗin ma sai in an bar yaro ya shiga aji. Jikata aka ce mu tafi da ita gida, wai ba mai kai ta bayi.

Abban Ummi:
Mu ma haka. Kuɗin rajista kuwa sun karɓa, har yau ba su mayar ba.

Maman Sadik:
To na Kanon fa, in ce wa babansa ya bari?

Goggo Ladi:
Wace makaranta ce taku, Alhaji? Ta gwamnati ko ta kuɗi?