Lambar bakod ta gaskiya, a ina ake samunta?

Mai Humra Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so in fara sa humra da turaren wuta a kasuwannin intanet, an ce sai da bakod, wato layukan nan masu lamba a ƙasa da ake sa wa kaya don na'ura ta karanta. Wani yaro ya ce zai haɗa min a kwamfuta da araha. In ba shi?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam Hajiya. Riƙe kuɗinki tukuna.

Baba Dukawa: Hajiya, ji abin da ya same ni. Takalma da jakunkunan fata nake yi, na samu hanyar kai su wata kasuwar intanet ta ƙasar waje. Wani dillali ya sayar min da lambobi, ya rantse sababbi ne fil. Na kai aka buga takardun liƙawa, ni da yara muka manna a kowane kwali. Da na zo shigar da kayan sai kasuwar ta ƙi karɓa, wai lambobin suna ɗauke da sunan wani kamfani na Amurka da ban taɓa ji ba. Dillali kuwa wayarsa ta daina shiga. Haka muka zauna muna ɓare takardun nan, wasu kwalayen suka yage, kuɗin bugu ya tafi, lokacin ciniki ya wuce. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Zanen layukan nan kowace kwamfuta za ta yi shi. Lambar da ke ƙasansa ce ake biya wa kuɗi. Ƙungiyar GS1 ce ke raba ta a duniya, tana kuma rubuta sunan mai ita a kundinta, can ne kasuwanni irin su Amazon ke dubawa. Reshensu na Najeriya yana Legas. Lambar tana da alƙaluma 13, wadda aka yanka a nan da 615 take farawa, na ƙarshen kuma lissafi ne daga sauran 12, shi ya sa in an ƙirƙira da ka sau da yawa na'ura ke ƙin karantawa. Ki tanadi takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kafin ki neme su.

Maman Biyu: Allah ya mayar da alheri Baba.

Ɗan Kwari: To shi ya sa ni kullum nake duba 615, in na gani na san kayan gida ne.

Ɗan Kurmi: Ba haka ba ne ɗan'uwa. Inda kamfani ya yi rajista take nunawa. Mutum zai iya yin rajista a Legas ya sa a yi masa kaya a Sin.

Ɗan Kwari: Ai na Sin da 690 suke farawa, na gani da idona.

Ɗan Kurmi: Wanda ya yi rajista a can ke nan. Ku 'yan Kwari atamfa kuka sani, ku bar mana wannan.

Ɗan Kwari: Atamfar ce ke riƙe da garin ai.

Anti Mai Yaji: Hajiya, in a WhatsApp da Instagram za ki tsaya, babu mai tambayarki bakod. Ni sai da na kai yaji babban kanti mai na'urar karantawa aka nema. Kuma ki sani kowane ƙamshi da lambarsa, ƙaramar kwalba da babba ma daban-daban. Ki ƙirga kayanki da kyau kafin ki nema, don akwai kuɗin sabuntawa duk shekara.

Malam Gwale: Amazon ma suna ɗaga ƙafa ga mai kayan hannu, in ya nemi a yafe masa lambar.

Maman Biyu: Ba ita ce lambar NAFDAC ba?

Anti Mai Yaji: A'a, waccan ta ingancin kaya ce, kuma ita ya kamata a fara nema.

Maman Biyu: To madalla. Hajiya, nawa kwalbar farar humra yanzu? Muna da biki bayan Sallah.

Mai Humra Fagge: Ki yi min magana ta gefe, akwai baƙa ma. Baba, shi yaron nan me zan ce masa? Ɗan maƙwabta ne.

Baba Dukawa: Ki karɓo lambarki da sunanki, sai ki ba shi aikin zanawa da bugawa.