Ƙimar ko-ta-kwana a Elixir: wa take yi wa aiki?

Muhawara ce tsakanin wasu masu rubuta manhaja a Yamai, kan zancen da Malam Issoufou ya jefo: wai harshen rubuta manhaja irin Elixir, da ke zaɓar reshen fonksiyon (guntun manhaja mai suna da ake kira ya yi wani aiki) ta hanyar daidaita siffa (gwada abin da aka ba shi da siffar da kowane reshe ke jira), ba ya buƙatar ƙimar ko-ta-kwana, wato wadda ke tsayawa idan mai kira bai ba da argiman (bayanin da ake miƙa wa fonksiyon) ba.

Malam Issoufou: Ina nan kan bakana. Erlang, harshen da aka gina Elixir a kansa, tun 1986 yake aiki ba tare da ita ba. Kana son hanya biyu, ka rubuta fonksiyon biyu: `gen_server:call/2` da `call/3`. Mai argiman biyun yana jiran amsa na milisakan 5000, mai ukun kai ke faɗa masa lokaci. Komai a fili.

Ramatou: Malam, ai abin da `\\` ke yi ke nan a Elixir. Idan ka rubuta `def aika(lamba, kudi \\ 500)`, kompila, mai fassara rubutunka zuwa abin da na'ura ke gudanarwa, ne ke haifar maka `aika/1` (mai argiman ɗaya) da ke kiran `aika/2` da 500. Shi ya sa in ka sake rubuta `aika/1` da hannunka yake ƙin haɗawa, ya ce sun yi karo. Tuwon ɗaya ne, an dai rage maka tuƙi.

Malam Issoufou: To ƙara na biyu ki gani, ƙanwata. `def aika(lamba, kudi \\ 500, harshe \\ :ha)`. Wani yana son Faransanci kawai, ya kira `aika(lamba, :fr)`. Ina `:fr` ta faɗa?

Ramatou: Cikin `kudi`. Daga hagu ake cikawa.

Malam Issoufou: Madalla. Babu hanyar tsallake na tsakiya. Sai an zo ninka kuɗin a ga `ArithmeticError`, nesa da inda aka yi kuskuren.

Abdoul-Kader: Nan Malam ya yi gaskiya, amma laifin jera biyu ne. A sa mai gadi, wato sharaɗin `when is_integer(kudi)`, kiran ya mutu a bakin ƙofa da `FunctionClauseError`. In zaɓin ya wuce ɗaya kuwa, a koma `zabi \\ []`, a ciro da `Keyword.get(zabi, :harshe, :ha)`. Ita ma tana da nata rami: ka rubuta `harse:` a maimakon `harshe:`, shiru za ka ji, Hausa ta fito. `Keyword.validate!` da ta zo a Elixir 1.13 ita ke kama wannan, ka ba ta jerin sunayen da ka yarda da su.

Hadiza: Abin da ke rikita masu koyo daban ne, Yaya. Suna zaton ƙimar tana shiga daidaita siffa. Ba ta shiga. An riga an cike gurbin kafin a fara gwada rassa. Saboda haka `aika(lamba, nil)` ba ta zama 500, `nil` ɗin ce ke wucewa ciki, don an kira mai argiman biyu. Wanda ke karɓar bayani daga fom, inda gurbin da ba a cike ba ke zuwa da `nil`, sai ya rubuta mata reshe: `def aika(lamba, nil), do: aika(lamba)`. Kuma da zarar rassa sun kai biyu, a ɗora kai marar jiki a sama, `def aika(lamba, kudi \\ 500)` ba `do`, rassan su biyo babu `\\`. In ba haka ba kompila zai yi ƙorafi.

Malam Issoufou: Kai marar jiki, reshe, da wani reshen. Ina ragin tuƙin?

Ramatou: Wajen mai karatu. Layi ɗaya ya nuna masa mene ne dole, mene ne ganin dama.

Abdoul-Kader: Wani ya turo mini cewa a Python wannan abu yana cizo. Can `def f(x, jeri=[])` sau ɗaya ake ƙirƙirar jerin, lokacin bayyana fonksiyon, duk kira ya yi tarayya a kansa. A Elixir kowane kira ake lissafawa: `lokaci \\ DateTime.utc_now()` sabon lokaci yake bayarwa kullum.

Hadiza: Harshen OCaml ma yana daidaita siffa, kuma ya warware matsalar Malam da suna: `let aika ?(kudi=500) ?(harshe="ha") lamba`, ka kira da `~harshe:"fr"` ka bar kuɗi. Sharaɗinsa, dole argiman marar suna ya biyo baya, don da shi yake gane ka gama bayarwa. Ka sa na ganin dama a ƙarshe, gargaɗi mai lamba 16 zai fito, shi ya sa ake ganin `()` a wutsiya.

Malam Issoufou: Haskell da Rust fa? Ba su da ita sam.

Hadiza: A Rust ka cike gurbin da ka damu da shi a `struct`, wato ƙunshin bayanai mai gurabe masu suna, ka rufe da `..Default::default()`. Tana nan, gida ta sauya.

Malam Issoufou: Guda ɗaya a ƙarshen jeri, da mai gadi a kanta, na bari. Biyu a jere kuwa, duk wanda ya kawo mini dubawa zan mayar masa.