Shin Bodun ne ya kuɓutar da mutanen Ganbiye daga bauta?

Mai Goro: Jama'a, jiya na hau kwalekwale daga Kalabi zuwa Ganbiye, garin nan da ke kan turaku a cikin tafkin Nokuwe, arewa da Kwatano a Jamhuriyar Benin. Matuƙin ya rantse mini cewa Bodun, addininsu na gargajiya, ne ya ceci kakanninsa, 'yan ƙabilar Tofinu, daga maharan bayi na masarautar Dahomai. Wai sarkinsu ya rikiɗe ya zama kada, ya tsallakar da jama'a. Ni dai maganar ta shige ni.

Malamin Tarihi: Alhaji, a yi hattara. Abin da aka fi ruwaitowa shi ne mayaƙan Fon, wato ƙabilar Dahomai, suna da haramci a addininsu na kada su shiga ruwa su yi yaƙi. Ka ga ke nan imanin masu farautar ne ya ɗaure musu ƙafa.

Mai Goro: To Malam, ai Fon ɗin ma Bodun suke bi. Duk kanwar ja ce.

Ɗalibi: Gafarta Malam, ni ko haramcin ban ba shi nauyi sosai ba. Rundunar Dahomai ta tudu ce. Tafkin ba zurfi, laka ce da ciyayi, wanda bai iya sanda da kwalekwale ba zai maƙale. Masunta suka fi su sanin hanya.

Hajiya ta Zango: Ɗana, ka taɓa kwana a can? Na yi shekaru ina sayen busasshen kifi a hannun matansu. Dubi akaja, rassan itacen da suke kafawa a ruwa kifi ya taru ya yi ƙiba a ciki. Da sana'ar da tsoron masu ruwa tare uba ke koya wa ɗa, kamar yadda Sarkawan Argungu ba sa raba su da sirrin kogi. In ka cire ɗaya, ba ka fahimci ɗayan ba.

Ɗalibi: Hajiya, na yarda suna girmama shi. Ƙasar ma ta ware rana a watan Janairu don bikin Bodun, ana cika garin Wida. Amma girmamawa daban, hujja daban.

Malamin Tarihi: Mu a wurinmu Allah ne Mai tsarewa. Sai dai ba na son a raina labarin kadan nan. Mutanen da aka fatattaka ne suka adana tarihin gudunsu a cikinsa, sunan garin ma ana fassara shi da "mun tsira".

Mai Goro: Ranar Asabar zan koma. Hajiya, haɗa ni da dattijuwa ɗaya cikin masu kifin nan, in ji daga bakinta.