"Tun fil azal akwai Dao": fassara ce ko gauraya addini?

Ɗalibar Tauhidi ta rubuta:

Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Ina shekara ta uku a makarantar tauhidi, kuma zangon nan an ba mu aikin rubutu a kan yadda Kiristocin Asiya ke fassara Littafi Mai Tsarki. Da aka raba ƙasashe, ni Sin ta faɗo mini.

Ina fara karatu na ci karo da abin da ya tsaya mini a rai. A Littafi Mai Tsarki na Sinanci da aka fitar a 1919, wanda har yau shi ne a hannun yawancin Furotesta na can, ayar farko ta Yahaya, inda muke karanta "Tun fil azal akwai Kalma", su sun sa "Dao" a madadin Kalma. Dao kuwa ita ce ginshiƙin addinin Tao, sunan addinin ma daga ita ya fito. Wato an ɗauko kalma daga tsakiyar wani addini an ɗora wa Almasihu.

Na kwana biyu ina juya maganar. Wani sa'in in ga hikima ce, wani sa'in gabana ya faɗi, in ce anya ba nan ake fara karkacewa ba? Ba na son in rubuta abin da zai faranta wa malamina rai alhali zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Don Allah wanda ya san kan abin ya haska mini: ina iyakar take tsakanin fassara da gauraya addini?

Tsohon Malami ya amsa:

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Tambayar nan ta girme ki, ta girme ni, kuma na ji daɗi da kika ƙi rufe ta da amsar da ba ki gamsu da ita ba.

Shekaru da yawa da suka wuce, ina karatu, an haɗa ni ɗaki da wani ɗan Sin. Yana da Littafi Mai Tsarki mai baƙin bango, gefen takardun duk ya yi duhu saboda yawan buɗawa. Ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma wata rana ina leƙawa na lura da wasu 'yan gurabe a tsakiyar layuka, kamar an zare haƙori ɗaya. Na ɗauka kuskuren maɗaba'a ne. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya ya ce mini duk inda na ga wannan gurbi, harafin da ke biye sunan Allah ne.

Ga asalin abin. Tun tsakiyar ƙarni na 19 'yan mishan suka rabu biyu a kan yadda za a kira Allah da Sinanci. Su Medhurst da James Legge, da galibin 'yan Birtaniya, suka ce Shangdi, wato Maɗaukakin Sarki, sunan da ke cikin tsofaffin littattafan Sin. Su Boone da Bridgman, da galibin Amurkawa, suka ce a'a, wannan sunan wani abin bauta ne takamaimai, gara Shen, kalmar da ake kiran kowane irin abin bauta ko ruhu da ita. Aka yi ta rubuce-rubuce shekara da shekaru, ba wanda ya kayar da wani. Da fassarar 1919 ta fito sai aka buga ta iri biyu, mai Shangdi da mai Shen. Shangdi harafi biyu ne, Shen ɗaya, don haka aka bar gurbi a gaban Shen domin layuka da shafukan bugu biyun su zo daidai. Abokina ya ce a wurinsu gurbin nan ya zama kamar ɗan dakatawar girmamawa kafin a ambaci sunan. Har yau in na tuna yatsan nan nasa a kan farin wurin sai jikina ya yi sanyi.

Katolika kuwa tasu hanyar daban ce. Matteo Ricci, ɗan mishan daga Italiya wanda ya isa Beijin a 1601, ya yi amfani da Tianzhu, Ubangijin Sama, amma ya yarda cewa Shangdi na tsofaffin littattafai ma Allah ake nufi. Bayan rasuwarsa rigima ta tashi, har Fafaroma Clement na 11 ya yanke hukunci a 1704, ya ƙarfafa shi a 1715, cewa Tianzhu za a riƙe, kuma Kirista ba zai shiga al'adun girmama kakanni ba. Fadar sarkin Sin ta fusata, a 1724 aka haramta addinin Kirista. Sai a 1939 Roma ta sassauta a kan al'adun. Kin ga sunan da aka zaɓa ba wasan malamai ba ne, rayukan mutane sun rataya a kansa.

To, Dao. Abin da nake so ki fara tambayar kanki shi ne: Logos ɗin da Yahaya ya rubuta da Helenanci, wadda muke fassarawa da Kalma, daga ina ya samo ta? Heraklitus, masanin falsafar Helenawa, ya yi magana a kan Logos wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu. Sitokiyawa, wani rukunin masana falsafar Helenawa, sun ɗauke ta a matsayin hankalin da ke riƙe da duniya. Filo na Iskandariya, Bayahude, ya yi ta aiki da ita. Kalmar ta zo wa Yahaya da kayanta niƙi-niƙi, ya kuma ɗauke ta a haka. Abin da ya yi da ita yana aya ta 14: Kalman nan ya zama mutum, ya zauna a cikinmu. Babu wani masanin falsafar Helenawa da zai faɗi wannan game da Logos.

Haka abin ya faru da Sinanci. Littafin Laozi, babban littafin addinin Tao, ya buɗe ne da cewa Dao ɗin da baki zai iya faɗa ba shi ne madawwamin Dao ba. Mai karatu ɗan Sin ya zo Yahaya 1:1 ya ga kalmar da ya sani, ya saki jiki. Yana kaiwa aya ta 14 sai a ce masa Dao ya zama nama da jini, an gan shi, yana da suna. Yana kaiwa sura 14 aya 6, inda Yesu ya ce shi ne hanya, sai ya sake ganin harafin nan, domin asalin ma'anar Dao hanya ce. A ganina masu fassarar sun yi daidai, kuma ma'aunina shi ne wannan: bayan an aro kalma, wa ke jan wani? In labarin Yesu ne ke sake wa kalmar ma'ana, fassara ce. In kalmar ce ta fara datse labarin don ya shige ta, nan ne zan tsorata.

Malam Mai Tarihi ya amsa:

Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, tarihi nake karantarwa, ku yi mini uzuri na shigo zancenku, abin ne ya taɓa fannina.

Malama ɗaliba, ki ƙara Malesiya cikin abin da za ki duba, ko da a gefe ne. Tun 1629 aka buga Bisharar Matiyu da harshen Malay, fassarar wani ɗan Holan mai suna Ruyl, kuma kalmar Allah ya sa. Kiristocin jihohin Sabah da Sarawak na Malesiya da ita suke addu'a kaka da kakanni. Amma a 2007 gwamnati ta hana jaridar Katolika ta Herald amfani da kalmar. A ƙarshen 2009 babbar kotu ta ba jaridar gaskiya, a Janairun 2010 aka kai wa wasu coci-coci hari, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin farko. Ga Indonesiya maƙwabciyarta, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, Kiristocinta na karanta Allah a littafinsu ba tare da gwamnati ta hana su ba. Harshe kusan ɗaya, addinai iri ɗaya, amma sakamako ya sha bamban. Wannan ya nuna mini cewa siyasa da batun ƙabila sun fi ilimin tauhidi nauyi a rigimar. Ni dai abin da na karanta a Suratul Ankabut aya ta 46 shi ne a yi muhawara da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau, a ce musu Abin bautarmu da Abin bautarku ɗaya ne.

Misalin da na fi so kuwa na Bagadaza ne. Wajen shekarar 781 Halifa al-Mahdi ya zauna kwana biyu da Timoti na Ɗaya, shugaban Ikkilisiyar Gabas. Ba su ɓoye wa juna komai ba. Sun yi ta ja a kan Triniti, a kan gicciye Annabi Isa, a kan ko Linjila ta yi busharar zuwan Annabi Muhammadu (SAW). Da halifa ya tambaye shi ra'ayinsa game da Annabi, Timoti ya ce ya bi tafarkin annabawa, ya kawo dalilansa, amma bai bar addininsa ba. Halifa ma bai matsa daga nasa ba. Aka tashi lafiya, har halifan ya sa shi aikin fassara wani littafin Aristotle zuwa Larabci. Ki dai riƙe cewa labarin zaman daga alƙalamin Timoti ya zo mana, ɓangare ɗaya muke ji.

Mai Bishara ya amsa:

Baba Tsohon Malami, da girmamawa, ma'aunin nan naka yana da kyau a takarda, amma wa zai riƙe shi? Kowa cewa yake yi labarin Yesu ne ke jan kalmar.

A dubi dutsen tunawa na Xi'an da Kiristoci suka kafa a Sin a 781, wanda ya ba da labarin zuwan Alopen, ɗan mishan na Ikkilisiyar Gabas, birnin Chang'an (Xi'an ta yau) a 635. A samansa gicciye ne yana fitowa daga furen da mabiya Buddha ke tsarkakewa. Rubutun cike yake da kalmomin Buddha da na Tao, amma bai fito ƙarara ya ce an gicciye Almasihu ba. Bayan 845, shekarar da sarki ya sa dokar murƙushe addinin Buddha, ikkilisiyar nan ta dushe a Sin. Ni a ganina wanda ya narke cikin maƙwabcinsa, ranar da aka zo share maƙwabcin da shi za a haɗa.

Na kusa kuma, a taron Majalisar Ikkilisiyoyin Duniya na 1991 a Kanbera ta Ostireliya, Chung Hyun Kyung 'yar Koriya ta Kudu ta tsaya a gaban taro tana kiran ruhohin waɗanda aka zalunta, ta kuma kwatanta Ruhu Mai Tsarki da Kwan Yin, wadda mabiya Buddha ke girmamawa a matsayin uwar jinƙai. Wakilan Otodoks da masu bishara da yawa sun nuna rashin yarda. Ita ma ai cewa za ta yi fassara take. 'Yar'uwa, faɗuwar gaban nan da kika ji, kada ki yi saurin kashe ta.

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Ɗana, na yarda da kai a kan Kanbera, ni ma abin bai kwanta mini ba, kuma da ma'aunin da na faɗa na auna shi. Kan dutsen Xi'an ne zan ɗan ja da kai. Dokar Sarki Wuzong ta 845 ta faɗa kan addinin Buddha ne, ta kuma haɗa da sauran addinan da ake gani na baƙi, har da na Majusawa, waɗanda ba wanda ya zarge su da narkewa. Baƙuntar ce ta cinye su. Sunayen limaman da ke jikin dutsen da yawa da rubutun Suriyanci aka sassaƙa su. Zan iya cewa rashin yin saiwa a cikin 'yan ƙasa ya fi cutar da ikkilisiyar nan fiye da aron kalmomi. Batun gicciyen kuwa tambaya ce ta gaskiya, ban kore ta ba, sai dai dutsen tunawa da aka kafa a idon fada ba littafin koyarwa ba ne.

Wanda ya fi taimaka mini a nan shi ne Kosuke Koyama, ɗan Japan da ya yi aikin mishan a arewacin Tailan a shekarun 1960. Ya ba da labarin yadda yake wuce ɓaunaye suna birgima a taɓon gonakin shinkafa a hanyarsa ta zuwa wa'azi, sai su tuna masa cewa manoma zai je ya yi wa magana, mutanen da suka tashi cikin addinin Buddha. Ya yanke shawarar fara wa'azinsa daga shinkafa da ayaba da damina da ɗaki mai yoyo, ya sa manyan malaman tauhidin Turai su biyo baya. Amma mutumin nan duk rubutunsa a kan gicciye yake komawa. Ya matsa kusa da mutane iyakar matsawa bai saki abin da ya kawo musu ba. Don haka nake cewa abin mai yiwuwa ne, ko da yake ba kowa ke iyawa ba.

Malam Mai Tarihi, na gode ƙwarai, zancen Timoti ya zo a kan gaɓa.

Ɗalibar Tauhidi ta dawo:

Na gode Baba, na gode Malam, na gode ɗan'uwa Mai Bishara. Jiya na koma ɗakin karatu na gano wani abu da ban sani ba: fassarar Katolika ta Sinanci, wadda Fada Gabriele Allegra da abokan aikinsa suka kammala a Hong Kong a 1968, ba ta sa Dao a Yahaya 1:1 ba. Shengyan ta sa, wato Kalma Mai Tsarki. Ashe su kansu Kiristocin Sin ba su tsaya a kan amsa ɗaya ba.

Na rage faɗin aikin. Zan ajiye fassarorin biyu gefe da gefe, daga aya ta 1 zuwa ta 14 kawai, in bi abin da kowacce ta samu da abin da ta rasa. Baba, in na gama babin farko zan kawo maka ka duba mini wurin Logos, don Helenancina bai yi ƙwari ba tukuna.